Tukunyar da Garba ya kife

Da girbin albasar bana, shekara bakwai ke nan da rasuwar Garba, ɗan kawuna kuma taubashina. Ni malamin makaranta ne a Jega, shi manomin albasa ne a Jiga Birni. Ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ban kira shi bawana ba, shi kuma ya ce mini malalaci mai cin alli. Har yau in na ga motar albasa ta taho daga Aliero, sai na ɗaga kai na leƙa saman buhunan.

Daga kan irin wannan motar ya faɗo, shekara guda bayan aurensa da Hauwa, ya karye a cinya. Masu ɗori suka yi aikinsu, ƙashi ya kama. Sai dai a kwanakin jinya wani ɗan dubiya ya tausaya masa, ya kawo masa tiramol don zogi ya lafa. Ƙafa ta warke, ƙwaya ta zauna. Da farko don ciwo yake sha, daga baya don ya iya wuni a lambu, har ta kai in bai sha ba ya rasa inda zai sa kansa.

Mun ga canji, amma muka laƙaba masa wasu sunaye. Mutumin da ke ɗaga buhu shi kaɗai ya koma neman inuwa tun hantsi. Damatsansa suka saki, ko na tsokane shi sai ya yi murmushin yaƙe. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce shawara. Ga kuma shekara huɗu ba haihuwa, wannan kuwa ba a wahalar da kai ba, aka ɗora wa Hauwa. Mahaifinta, Malam Bawa na Gumbin Kure, dattijo ne mai son 'yarsa, duk inda ya ji labarin wani sassaƙe ko saiwa sai ya aiko. Tana da wata tukunya a bayan ɗaki da ba ta rabo da jiƙo. Na taɓa kurɓa don neman magana, na wuni ina tofar da yawu. Ita kullum sai ta shanye, ta goge baki, ta ce Allah ya sa a dace. Zuwa gidan suna ma ta daina.

Jiri ne ya kayar da shi a lambu, na kai shi asibiti a Birnin Kebbi. Aka auna jininsa, likita ya tambayi abin da yake sha. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Garba ya faɗa. Likitan ya ce a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu da bai fi ƙwayar wake ba, shi ke aika sinadarai cikin jini su tashi wasu sassan jiki aiki. Akwai saƙon da ke sa maraina su samar da sinadarin mazantaka da maniyyi, akwai wanda ke riƙe wa mutum ƙarfi in wahala ta zo. Tiramol da danginsa, in aka daɗe ana sha, sukan rage waɗannan saƙonni. Mace ma haila kan ɗauke mata. Da likitan ya ji manomi ne, ya ce masa kamar ban ruwa ne: ruwa na nan, fangalin shuka lafiya lau, mai buɗe ruwan ne barci ya ɗauke. Sau da yawa yakan farka in an janye ƙwayar sannu a hankali a hannun asibiti, amma likitan bai yi mana alkawari ba.

Muka kamo hanya har muka iso Jega. A tasha, maimakon motar Aliero da za ta kai mu gida, sai Garba ya ce mu nemi ta Maiyama. Na gane Gumbin Kure ya dosa, wajen Malam Bawa. Na roƙe shi ya bari ni in je in faɗa a sakaye, ai ranar taubashi ke nan. Ya ƙi. A wajenmu mutum ko ruwa ba ya sha a gaban uban matarsa, balle ya buɗe baki da irin wannan magana. Da muka hango Malam Bawa, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya ce, "Baba, a bar ba Hauwa magani. Lahiyatta lau. Ciwon ga jikina shike, kuma ni nij jawo ma kaina." Bai rage komai ba, har sunan ƙwayar. Ni da ban yi laifin komai ba nake ta gumi. Dattijon ya ce, "To. Allah shi ba da lahiya."

Da muka koma gidan Garba, kafin ya zauna, ya zagaya bayan ɗaki ya zubar da jiƙon, ya kife tukunyar.

Rabuwa da ƙwayar ta ci watanni, da ciwon gaɓɓai da saurin fushi, har ya taɓa zamewa ya sake tashi. Ranar da ya hango ni ya ɗaga murya ya ce, "Ga mai cin alli nan tahe," na san mai buɗe ruwa ya motsa. Bayan shekara biyu aka haifi Nana. Tana shekara uku wani zazzaɓi na 'yan kwanaki ya ɗauke Garba. A zaman makoki Malam Bawa ya riƙe hannuna ya ce, "Yaron ga ya wanke mani ɗiya."

Da zai dawo yau, ransa zai ɓaci, don ƙwayar na nan, launinta kawai ke sauyawa, kuma 'yan ƙwadago na haɗiyarta da sunan neman ƙarfi. Amma akwai abin da zai sa shi dariyar nan tasa. Samarin da suka ga gemunsa ya kama wuta sun shafa wa nasu ruwa. Na san magidanta da suka zo mini, suna kame-kame da sosa ƙeya, suna tambayar asibitin da na kai Garba, kuma da ƙafarsu suka je a auna su tare da matansu. A da ko a mafarki ba a yin haka.

Bai bar gona mai yawa ba, kewarsa kuwa ban ga ranar da za ta sake ni ba. Amma da sallar da ta wuce na je Gumbin Kure, inda Hauwa ta koma bayan takaba. Tukunyar na nan a gindin bango, a kife. Ashe cikin kayanta ta taho da ita. Na ce wa Nana ta ɗauko mana ita mu zuba ruwa, ina gwada ta. Ta dube ni kamar na yi saɓo.

"Baffa, ba a taɓa ta," in ji ta. "Babana yak kihe ta."