Koren Waken Zahra'u

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar aminiyata Zahra'u, kuma sai a Babbar Sallar bana na iya sake dafa abincinta. Ba wai na manta yadda ake yi ba ne, hannuna ya sani sarai. Zuciyata ce ta ƙi. Shekarun nan duka, in na hango koren wake a gaban mai kayan miya, sai in kawar da kai in sayi kuɓewa.

Zahra'u Bahaushiyar Sudan ce. Kakanninta sun baro ƙasar Hausa za su Makka a ƙafa, suka yada zango a can, zango ya zama gida. Ni kuwa mutuniyar Funtuwa ce, na biyo maigidana da ya zo karatu a Darrasa, nan Alƙahira. Karatu ya ƙare, ya kama saye da sayarwa a kasuwar Ataba, muka zauna. Haya ce ta haɗa mu a bene ɗaya a Ard al-Liwa, ƙofa na kallon ƙofa. Wata safiya ina shara na ji wata mace tana zazzaga wa mai kawo tukunyar gas Larabci, can sai ta ce da Hausa, "Wannan bawan Allah zai kashe ni!" Na yar da tsintsiya na fito. Hausarta irin ta kakata ce, ta tsofaffi, kullum ina yi mata tsiya a kai, ita kuma ta ce tawa ce aka jagwalgwala da Turanci.

Aikin girki take yi a gidan wata Baturiya a Ma'adi, kuma a can ta koyo abincin nan. Su Turawan suna yin sa ne a wani bikinsu na ƙarshen shekara, su ajiye shi kusa da gasasshen talotalo. Koren wake ne, wanda Misirawa ke kira fasuliya, a cikin farar miya ta madara da lemar kwaɗi, a gasa, a rufe samansa da soyayyar albasa. Uwar ɗakinta da miyar gwangwani take so a yi. Zahra'u ta ce ita ba ta ga dalilin da mace mai hannu biyu za ta buɗe gwangwani ta kira shi girki ba, ta koyi haɗa miyar da kanta.

Yadda aka yi abincin biki na Turawa ya shigo Sallarmu, dalilinsa kwano ne. A waɗancan shekarun babu mai ƙarfin layya a cikinmu. Maƙwabtanmu Misirawa, Allah ya saka musu, su ke aiko mana da nama a faranti, kuma a wurinsu da wurinmu duka ba a mayar da kwano fanko. Ni dabino nake zubawa in mayar, hankalina kwance. Ita kuwa abin yana cin ranta. Ta ce da ni, "Maman Sadiq, su ba mu nama, mu ba su dabinon da suka fi mu sanin inda ake sayarwa? Haba. Ai sai mu zama 'yan karɓa kawai." Tana so ta mayar musu da abin da babu shi a gidan kowa a benen, abin da in an buɗe za a tambayi wa ya yi.

Tun ranar Arfa muke zama a ƙasa a ɗakinta muna tsinke wa waken kai da gindi, muna karya shi biyu. Ta tafasa shi da gishiri kaɗan, kafin ya yi laushi ta tsame ta jefa a ruwan sanyi don kada korensa ya mutu. Albasa ita kaɗai ke yankawa, ba ta yarda da yankana ba, wai ina yi mata kauri kamar ta tsire. Ta barbaɗa mata fulawa, ta soya har ta yi ja, ta shanya a kan tsohuwar jarida. Sai ta soya lemar kwaɗin da man shanu da tafarnuwa, ta zuba fulawa, ta dinga tsiyaya madara tana juyawa. Daga ƙarshe ta ɗan watsa yaji, wanda Baturiya ba ta san da shi ba.

Ba mu da abin gashi a gida. Kamar sauran matan unguwa, gidan burodi muke kai siniya, wato faffaɗan farantin gashi, mai furun, wato mai gidan burodin, ya saka mana a tanderunsa. Shekarar farko ta zuba albasar a sama tun daga gida, yadda take yi a Ma'adi. Ba ta lissafa cewa wutar Ammu Ragab mai burodi ba irin ta kicin ɗin Baturiya ba ce. Siniya ta dawo samanta baƙi ƙirin. Wallahi na yi dariya har sai da na zauna a kan matakala, ita kuwa ta tsaya tana kallon abin kamar ta yi kuka. Muka kwashe ƙonannen da cokali, ta sake soya wata albasar tana mita.

Tun daga nan ba ta ƙara aika siniya ta koma gida ba. Takan tafi da albasarta daban a kwano, ta tsaya a bakin tanderu cikin zafin nan, sai miyar ta fara tafasa a gefe ta sa a jawo, ta watsa albasar, a mayar bakin wuta kaɗan a fitar. Ammu Ragab yana ta "Yalla, yalla, ya sitti," wato maza-maza baiwar Allah, layin masu sayen burodi na jira, ita ko a jikinta.

Mijinta Malam Usman tela ne, mutum mai barkwanci a lokacin. Duk shekara sai ya ce, "An ɗebo waken da bai nuna ba, an haɗa da lemar kwaɗi, an ba su madara kamar jarirai, wai abinci." Yana faɗa yana kankare gefen siniya. 'Yarsu Ikhlas kuwa, tun tana rarrafe, albasar take sata daga kan jarida.

A haihuwa ta biyu Zahra'u ta rasu, ita da abin da ta haifa. Ba zan tsaya a nan ba, har yau ba na iyawa. Ikhlas tana da shekara huɗu. Bayan sadakar arba'in Malam Usman ya tattara kekensa na ɗinki, ya ɗauki yarinyar ya koma Sudan wurin mahaifiyarsa. Muka yi ta waya, waya ta yi ta raguwa, har ta ɗauke.

Yaƙin Sudan ne ya dawo min da su. Bara bayan azumi aka ƙwanƙwasa ƙofa, na buɗe na ga doguwar budurwa, ta ce, "Khalti, ni ce Ikhlas." Khalti, wato 'yar'uwar uwa. Na rungume ta. Mahaifinta yana can ƙasa a bakin titi, ya ƙi hawowa benen. Na sauka muka gaisa, na ga mutum ya tsufa ya bushe, barkwancin nan babu ko ɓurɓushinsa. Sun kama ɗaki a wata unguwa da ba nisa, kuma daga nan yarinyar ta riƙa zuwa wurina kusan kowace Juma'a.

Abin da ke kawo ta guda ɗaya ne. Wata rana muna wanke-wanke ta ce, "Khalti, ni fa ban san uwata ba. Ko muryarta ba na ji a kaina." 'Yan hotunan da suke da su sun bar su a gidan da suka gudu suka bari. Mahaifinta kuma bai taɓa yi mata maganar uwar ba. Ta ce in ta tambaye shi sai ya ce Allah ya jiƙanta, ya tashi ya ɗauki buta. Ko sunanta ba ya kamawa. Na ba ta labarai iyakar abin da na sani, tana saurare da ladabi, amma ina gani a idonta labarin wata baƙuwa take ji. Abin ya tsaya min a rai. Yarinya ta rasa gida ta rasa ƙasa, a ce uwa ma ba ta da ko inuwarta?

Sai na ce a raina, in kai ya manta, wataƙila harshe bai manta ba. Yarinyar da ta ci albasar nan har ta ɓata riga, in ta ɗanɗana ai wani abu zai motsa. Na ƙudura bana zan yi, na kuma ɗora duk burina a kan siniya ɗaya.

Ina tsinke waken ina tunanin me Zahra'u za ta ce da ta ga Alƙahirar yau. Da ta ga soyayyar albasa a leda a kanti, da wake yankakke a firiza, na san tsakin da za ta ja. Da ta ga 'yan babur suna kai wa mata abincin Sallah har ƙofa, sai ta tambaya ko hannuwansu ciwo suke. Farashin madara kuwa, gara ma da ba ta ji ba. Amma abin da zai karya ta shi ne unguwar. Da ita kaɗai ce 'yar garinsu a layinmu, tana kewar mai yi mata magana irin ta gida. Yanzu ko ina ka juya mutanenta ne, da 'yan jakunkunansu, kowa da wanda ya bari a baya. Ta yi ta fatan su zo, ba ta taɓa nufin su zo haka ba.

Ina da ɗan abin gashi na lantarki yanzu, amma na ce sai furun. Ammu Ragab ya riga mu gidan gaskiya, ɗansa ke riƙe da wurin, kuma ya ce sun kusa daina karɓar siniya, sai da na haɗa shi da girman Sallah. A zamanin Zahra'u Sallah na zuwa ne zafi ya fara raguwa, bana kuwa a tsakiyarsa ta faɗo. Muka tsaya ni da Ikhlas a bakin tanderu, gumi har cikin ido, kwanon albasa a hannunta. Da lokaci ya yi na ce ta watsa da kanta. Ya fito yadda ya kamata, ja a sama, kore na leƙowa ta ƙasa.

Muka zauna cin abincin rana. Na zuba mata kusa da nama, ni ban iya kai ko loma ba, ita nake kallo. Ta ci cokali ɗaya, ta daɗe tana taunawa. Ta ƙara na biyu ta rufe ido, ina ganin yadda take ƙoƙari. Sannan ta ajiye cokalin.

"Khalti, ki yafe ni. Ban tuna komai ba."

Ta fashe da kuka, wai ita ce ta kasa. Na rungume ta ina cewa ma'alish, yi haƙuri, ba laifinki ba ne, shekara huɗu me aka sani. Amma da na shiga kicin ni ma kukan na yi, mai cin rai, har da haushin siniyar. Na tsaya cikin zafi, na matsa wa marainiya, ga shi na ƙara mata wani rashin a kan wanda take da shi. A ranar na ji kamar sai yanzu Zahra'u ta gama mutuwa.

Da za ta tafi na juye rabin abincin a kwano na ce ta kai wa babanta. Ba da wata dabara na yi ba, abincin Sallah ne, ana kai wa mutum rabonsa.

Washegari da la'asar na ji ana hawowa benen da gudu. Ikhlas ce, tana haki, ko sallama ba ta gama ba ta fara. Ta ce da babanta ya buɗe kwanon ya daɗe yana kallo. Ya ɗanɗana, ya ce, "Har da yajin." Sai ya ce, "Zahra'u," a fili, a gabanta, karon farko a saninta da ta ji sunan a bakinsa. Ta ce ya yi kuka irin wanda ko ranar da suka baro gida bai yi ba, daga nan kuma ya kama magana, bai tsaya ba sai da aka kira Magariba. Yadda ya fara ganinta, rigar da ya ɗinka mata ta ƙi sawa don ya cika mata ado, waƙar da take yi in tana wa Ikhlas wanka.

In aka auna abin da Zahra'u ta bari da ma'aunin duniya, ba shi da yawa. Ba gida, ba gona, kabarinta ma yana can bayan gari inda ni kaina sai na yi tambaya nake gane shi. Abin da ya rage nata a rarrabe yake, wani a hannuna, wani a ƙirjin mutumin da ya kulle shi shekara goma sha ɗaya don yana tsoron buɗewa. Abincin bai mayar wa yarinyar da uwarta ba, kuma na daina yaudarar kaina cewa akwai abin da zai mayar. Amma yanzu tana da wanda za ta tambaya ya amsa. Allah ya haskaka kabarinki, Zahra'u, ya haɗa ki da ɗan da kuka tafi tare.

Kafin ta tafi ranar, Ikhlas ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara mayafi.

"Khalti, gaskiya ne wai uwata tana tsoron matakalar lantarkin nan ta tashar jirgin ƙasa? Baba ya ce ko za a makara sai dai ta hau da ƙafa."

Na ce gaskiya ne, sau nawa na tsaya a sama ina jiranta ina yi mata tsiya.

Idonta ya ciko, amma murmushi take.

"Ni ma tsoronta nake ji," ta ce. "Ban taɓa gaya wa kowa ba."