Ihun Ozell Batiste

Ozell Batiste ya mutu sau arba'in da ɗaya, duk a bayan katangar wani kamfanin fim a Los Angeles. Baƙar fata ne, aikinsa fitowa a ɗan dako: a shafe shi da mai, a ɗaura masa bante, ya bi Bature mai malafa cikin kurmin da aka dasa a tukwane. Can sai zaki ya turmushe shi, ko ya zame daga kan dutsen kwali. Ko sau ɗaya ba a rubuta sunansa a allo ba.

Abin tinƙahonsa muryarsa ce. Shi ke jan waƙa a cocinsu ranar Lahadi, har tsofaffi su yi ta share hawaye. Duk burinsa a bar shi ya faɗi ko da jimla ɗaya a fim, duniya ta ji muryar nan.

"Yau kuma me ya cinye ka?" in ji matarsa Verdell, tana zuba masa wake da shinkafa.

"Damisa, uwargida. Amma darakta ya ce in na shiga ruwan kada gobe, zai ba ni magana."

"To, Allah ya sa kafin kadan ya haɗiye ka."

Watan Janairu ne na 1938, ruwan tafkin kamfanin sanyi ƙarara. Aka jawo kadan roba da igiya.

"Kai yaro, ihu nake so!" darakta ya daka masa tsawa. Yaro fa, mutum mai shekara arba'in da uku! "Sake! Wannan ai kukan mage ne."

Sau goma sha tara Ozell ya nutse ya taso yana kurma ihu. A na ƙarshe jini ya tofar. Zazzaɓi ya kwantar da shi sati uku, da ya tashi kuwa muryar ta tafi, sai raɗa. Jimlar aka ba wani, shi kuma aka miƙa masa tsintsiya. Coci ma kujerar baya ya koma. Baƙin cikin nan ya ci shi ƙwarai.

Bayan shekara shida Verdell ta ja shi silima, wai ya sha iska. Sabon fim ne na kurmi. Wani ɗan dako da bai taɓa gani ba ya faɗa kogi, ya wage baki, sai ga ihun Ozell ya cika ɗakin. Ashe marasa kunyar nan na kamfanin sun ajiye faifan ihun da ya yi a tafki, suna liƙa shi a bakin duk ɗan dakon da zai mutu. 'Yan kallo suka kwashe da dariya.

Verdell ta damƙe hannunsa. "Ozell, wallahi kai ne!"

Ya ce mata e, shi ne. Ba ta ji raɗar ba, saboda kadan fim ɗin ya cafke wani ɗan dakon, ihun ya sake tashi.