Makullin Inna Tela

Tun tana budurwa take taka keken ɗinki, kuma tun rasuwar mijinta take zaune ita kaɗai a ɗakin ƙasa na wani gidan haya, daidai bakin matakala. Da yake kullum tana gida, sai wata malamar makaranta ta fara bar mata makulli saboda yara in sun taso. Kafin ka ce kwabo, makullin kowa ya tare a wurinta. Ta kafa ƙusoshi a bayan ƙofa, kowane makulli ta ɗaura masa ƙyallen da ya rage daga ɗinkin mai shi.

Inna Tela akwai taimako, amma da faɗa take haɗa shi. In hadari ya taso ita ke kwashe shanyar mutane tana mita. In wani ya bar famfo a buɗe ta shiga ta rufe, da yamma ta tare shi a matakala ta wanke shi tas. Ita kuwa ko gishiri ba ta taɓa roƙa ba, kuma tana alfahari da hakan.

Wata safiya santsi ya kwashe ta a banɗaki, ƙugunta ya bugu, ta kasa tashi. Matar direba, wadda ƙofarsu ke kallon juna, ita ta lura rana ta ɗaga ba a ji ƙarar keke ba. Ba sa ga maciji da Inna, don Inna ta daɗe tana kiranta 'yar sa-ido. Duk da haka ta tara mutane.

"Wa ke da makullin Inna?"

Kowa ya kalli ɗan'uwansa. Sai kafinta aka kira ya ɓalle ƙofar.

Da aka sallamo ta daga asibiti, babban ɗanta ya zo da mota. Gidansa yana sabuwar unguwa mai dogayen katangu, inda mutum zai shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba. Inna ta tsorata ƙwarai, don ta san a can zaman kallon bango za ta yi.

"Inna, ki haɗa kayanki. Ba zan jira a kira ni in zo in ɗauki gawa ba."

"To in na tafi wa zai riƙe musu makullai?"

"Ke wa ya riƙe naki?"

Ya ce ko dai ta ba wani makullinta a gabansa, ko ta shiga mota. Abin ya yi mata nauyi, don ta fi kowa sanin abin da mai riƙe makulli yake gani: tukunyar da ba a wanke ba, buhun da ya kusa ƙarewa. Ta dogara sanda ta fito. Malamar makaranta har ta miƙo hannu, Inna ta wuce ta, ta tsaya a ƙofar matar direba.

"Ni, Inna? Bayan duk abin da kika kira ni?"

"Ungo, ban janye ko ɗaya ba. Su waɗannan kunyata suke ji, sai in kwana a ƙasa suna sallama daga waje. Ke kuwa ko ban kira ki ba sai kin leƙo."