Rigar mazari a jikin kara

Jiya da safe na gangara bakin tabkinmu na Tsarnawa da lauje, in yanko wa tumaki ciyawa. Gwiwoyina sun gaji, ruwan ma ya ja baya ya bar laka mai ƙarni. Sai na ga busasshiyar fatar mazari manne da kara, na tuna da kawuna.

Shi ba ya yankan ciyawar bakin ruwa sai rana ta take. Wata safiya ina yaro na ɗaga lauje, ya riƙe mini hannu.

"Dakata, ɗan nan. Wani na sauya riga."

Muka tsuguna. Ƙwaro ne mai launin laka da ya hauro daga ruwa. Bayansa ya tsage, mazari ya fito da jiƙaƙƙun fukafukai.

Na ce, "Kawu, dabbobi na kukan yunwa."

"Su gobe ma za su ci. Wannan ya daɗe cikin laka, kwanansa a sarari kaɗan ne. Kada ka rage masa."

Jiya ma tumakina na kuka, amma na ajiye laujen na zauna har rana ta take. Allah ya yalwata wa Kawu makwanci, ya tashe shi da sabuwar riga.