Ranar da na kai ɗan farina lilo a Ƙonni

Ana idar da sallar asuba na ja ƙofa na sa kwaɗo, muka nufi tashar Badagishiri ni da yara uku. Jaririya 'yar wata biyar tana baya, mai shekara biyu tana hannun hagu, babbansu mai shekara huɗu da rabi yana biye da mu nesa-nesa kamar wanda aka aiko rakiyar baƙi. Maƙwabciyata da ta yi alkawarin raka ni ta tashi da ciwon haƙori. Babansu kuwa jandarma ne, an kai shi can arewa cikin rairayi, wasiƙarsa sai wata-wata. To, ku da kuke ta tambayar abin da ya kai mace ɗaya Ƙonni da ƙanana uku a tsakiyar bazara don hawa lilo kawai, ku saurara, ba hauka ba ce.

Babban nan shi ne ɗan farina. Tun ranar da na yaye shi Innata ta ɗauke shi zuwa Bazaga, can ya yi wayo. Wata biyu ke nan da Allah ya yi mata rasuwa aka maido mini shi. Ba ya kuka, ba ya ɓarna, amma kullum da la'asar sai ya zauna a bakin ƙofa yana kallon hanya. Abinci sai na ajiye na kau da kai. Kuma “Madam” yake ce mini, yadda ya ji 'yan lakwal ɗin da nake koyarwa suna kirana. Ni ma ban taɓa faɗin sunansa ba, kun dai san kunyar ɗan fari. Daga “kai” sai “wannan yaron”. Wan mijina da ke Dogarawa ya zo gaisuwa ya ga yadda ya rame, ya ce in har bayan Sallah bai saba ba, ranar Jumma'ar da ta biyo baya zai zo ya tafi da shi cikin 'ya'yansa. Sallah ta wuce, ranar Talata na ji labarin wasu mutane sun tsallako iyaka sun kafa kayan wasan yara a Ƙonni. Na ce bari in gwada, ko yaron nan zai yi dariya sau ɗaya a gabana.

Motar da muka samu bashe ce, wato a-kori-kura mai rumfa da benci biyu. Direban ya ƙirga mu da ido ya ce, “Madam, yau lakwal ɗin gaba ɗai kinka kwaso?” Ya karɓi jika guda, ya ce yara su hau cinya. Cinya biyu gare ni, yara uku. Babban ya warware mana matsalar, ya je ya zauna kan buhun wake kusa da wani tsoho mai kaji, bai ko dube ni ba.

Muka bar fadama da lambunanta, ana ta haƙar albasa tun rana ba ta yi zafi ba. Daga nan sai jan dutse da gonaki fayau, gawo kaɗai ke da ganye. A shingen jandarmomi 'yar shekara biyun ta hango kaki da hula, ta miƙa hannu tana “Baba! Baba!” Mota duka aka kwashe da dariya, har shi jandarman. Ni ma na yi, sannan na sauke mata hannun. A Tsarnawa muka tsaya sauke kaya, buhunan albasa jibge har sun fi mutum tsawo. Nan hanya ta rabu, ɗaya ta yi gabas wajen Malbaza da Dogarawa. Na daɗe ina kallonta, ina tuna Jumma'a.

Ƙonni tana nan yadda kuka san ta. Kwalaben fetur jere a bakin titi, masu canji suna kaɗa maka naira a fuska, 'yan kabu-kabu kamar za su bi ta kan ƙafarka. Filin wasan an kewaye shi da langa-langa, shiga dala ashirin, goyo kyauta. A ciki akwai lilo na igiya, da wani babba mai kujeru da ke ɗaga mutum sama, sai wasu jiragen sama na ƙarfe guda takwas masu zagaya turke. Injin wuta yana ruri, kaset yana ihu, ba mai jin maganar wani.

Ga shawara kyauta ga mai niyya. Jariri ba ruwansa da lilo. Tawa ta yi barci tun daga ƙofa, ta farka ta sha nono, ta koma. Mai shekara biyu kuma tsoro ne kawai kika saya mata da kuɗinki. Wani ya sa fuskar zaki ta kwali yana yi wa yara rawa, tana ganinsa ta ƙanƙame ƙafata ta tsala ihu har da fitsari. A ƙarshe abin da ya burge ta duk filin nan shi ne wata ganga mai yoyo, ta tsuguna tana tara ruwa da marfin kwalba.

Na sami gindin bishiyar bedi na shimfiɗa zane, na buɗe kilishin da na saya. Kowa na gani da nasa. Wannan mijinta ya ɗora yaro a wuya, waccan ƙanwarta ta karɓi goyo, wata tsohuwa tana yi wa jikanta kirari. Ni ko wanda zan ce wa “riƙe mini ita in gyara zane” babu. Nan na tuna Inna, na ji kewa ta rufe ni a tsakiyar mutane ɗari. Babban yana tsaye can gefe da kilishinsa a hannu bai ci ba, idonsa na kan jiragen nan.

Na ce, “Kai, za ka hau?” Ya ɗaga kai. Wannan ne abu na farko da ya taɓa nuna mini yana so. Na biya dala goma, mai jiragen ya cusa shi cikin wani ja, ya ɗaura masa igiya sako-sako.

Zagaye na farko lafiya lau. A na biyu jiragen suka ƙara gudu suka fara tashi, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya buɗe baki, ban ji ba amma na gane, Inna yake kira. Ya zame igiyar ya miƙe tsaye. Na ruga bakin shinge da goyo a baya, ina jan ƙanwarsa, ina “Kai! Kai yaro, zauna!” To wane yaro? Yara takwas ne a sama, iyaye ashirin suna ihun “kai”. Mai jiragen ya ba mu baya yana ba wani canji. Da jan jirgin ya sake zagayowa, ƙafarsa ɗaya tana waje.

Ban san lokacin da ya fita daga bakina ba. “Hamidu! Hamidu, zauna! Ga ni nan!”

Ya daskare. Ya maida ƙafar, ya zauna, yana waige-waige yana neman mai muryar. Da ya zagayo na sake kira, ya gan ni. Daga nan duk zagayen da zai yi sai na kira, shi kuma ya kafe ni da ido har ya wuce. Sau nawa na faɗa, Allah kaɗai ya sani. Wata dattijuwa mai sayar da gyaɗa ta ce, “Ɗiyata, na fari na ko? Na ga bakinki na rawa.” Na ce shi ne. Ta ce, “To kira shi da kyau, ba wanda ya san ki nan.”

Da aka tsayar da jiragen na ɗauko shi da hannuna. Bai yi kuka ba. Ya dube ni ya ce, “Madam, ashe kin san sunana?”

Jama'a, na sha jin magana a duniya, ban taɓa jin wadda ta kashe mini jiki kamar wannan ba. Wata biyu yaron nan yana gidana yana zaton ban san ko shi wane ne ba. Na tsuguna a ƙasa da goyo da komai na ce, “Na sani. Tun kana kwana bakwai na sani. Ni na haife ka.” Sai ya miƙo mini kilishin da ya dunƙule a hannu, duk ya jiƙe da gumi. Na cinye shi tas.

Bayan azahar muka kamo hanya. Ban sayi komai ba sai balan-balan ɗaya, ita ma ta fashe kafin Tsarnawa. A mota babu buhun wake, ya zauna a gefena, can barci ya kwashe shi kansa ya faɗo a cinyata. Ƙafata ta mutu tun daga rabin hanya, ban motsa ba har Badagishiri.

Dariyar da na je nema ban same ta ba, kuma ban ce ku kwashi jarirai ku kai su lilo ba. Abin da na gano shi ne kunyar da muke yi manya ne ke gane ta, yaro bai san ta ba. A Bazaga yana da mai kiransa safe da yamma, da ta rasu sai kiran ya ɗauke, ni kuwa ina gefe ina ji da kunyata.

Ranar Jumma'a wan mijina ya iso da babur ɗinsa. Yaron yana bakin ƙofa inda ya saba zama. Bayan mun gaisa ya ce, “To, a haɗo mashi kayanshi?” Na ce, “Yaya, a yi mini haƙuri.” Sannan a gabansa, kaina a sunkuye, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, na ce, “Hamidu, shigo ka ci tuwo.”

Ya tashi ya shigo.