Lemuel Tarbell da Ƙuri'ar Zagaye na Huɗu

Haihuwa da karatu

An haifi Lemuel Tarbell a shekarar 1781 a garin Ashgrove, cikin wata jiha ta gabashin Amurka. Mahaifinsa Eliphalet mai injin niƙa ne, mahaifiyarsa kuwa sunanta Mehitable. Ya kammala karatu a 1799, ya koyar a makarantar garin shekara goma sha shida, inda ya shahara da kyawun rubutun hannu da zane duk ɗalibin da ya karkata harafi.

Aure da majalisa

A 1806 ya auri Dorcas Fenwick, ƙanwar attajiri Barnabas Fenwick, wanda da ƙarfinsa Lemuel ya shiga majalisar dokoki a 1815. A wancan zamani majalisa ce ke zaɓen gwamna kowace shekara, kowane wakili ya rubuta suna a takarda ya jefa cikin hula.

Zaɓen 1819

A wannan shekara Barnabas ya nemi kujerar gwamna, abokin takararsa kuwa Kanar Silas Harwood. Lemuel ya san surukinsa ya ƙudurta karkatar da hanyar ruwan jiha ta bi gonakinsa, ya kuma san Dorcas ba ta yafe wa mai juya wa danginta baya. Sau uku ana yin kunnen doki, arba'in da ɗaya kowanne, da farar takarda guda, tasa. A zagaye na huɗu ya rubuta Harwood, yana zaton asiri a rufe yake. Sai dai magatakardan da ke karanta ƙuri'u tsohon ɗalibinsa ne. Da ya buɗe takardar ya gane rubutun ya yi turus, ya ɗago ya dubi malaminsa, zauren duka ya bi idonsa. Harwood ya ci zaɓen da wannan ƙuri'a.

A bakin ƙofa Barnabas ya ce masa, “Mijin ƙanwata, ai da ka rubuta da hagu!”

A makon nan Dorcas ta koma gidan yayanta da ƙananan yara biyu. Lemuel ya rubuta mata wasiƙa kowace Kirsimeti har shekara ashirin, babu wadda aka amsa, abin kuwa ya ci masa rai.

Rasuwa

Ya bar majalisa a 1821, ya koma koyarwa. Ya rasu ranar 9 ga Maris, 1844, aka binne shi a maƙabartar cocin Ashgrove, nesa da kabarin Dorcas da ke cikin danginta. Ya bar 'ya'ya biyar: Asahel Tarbell, Jerusha Tarbell, Enoch Tarbell, sai ƙananan biyun da suka bi uwarsu, Lydia Fenwick da Seth Fenwick.