Barunden da ya ƙera bindiga

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar mahaifina, Garba Ɗanjimma, mahauci a Ƙofar Taramniya. Mutanen unguwa suna tuna shi da wuƙa da mayanka. Ni kuwa abin da na fi tuna shi da shi bindiga ce wadda bai taɓa harbin ko kurciya da ita ba.

Ya ƙera ta yana saurayi, 'yan shekaru bayan Turawa sun ci Sakkwato. Ba a haife ni ba tukuna. Labarin na ji shi daga bakinsa, na kuma ji daga bakin Maƙeri Bawa, kuma ba su saɓa ba sai a kan wanda ya fi yin dariya.

A lokacin ba a fitowa da bindiga a fili, kuma ƙira gado ce. Barunde, wato ɗan gidan fawa, ba ya da abin yi a maƙera in ba wasa wuƙa ba. Shi kuwa tun da ya ga wata bindiga mai ƙanƙara a hannun wani maharbi, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, dutse ya ƙyasta ƙarfe wuta ta tashi, sai ta shiga ransa. Ya yi ta zarya wurin Bawa har Bawa ya gaji, ya ba shi aron wuta da masaba, da sharaɗi guda: ranar gwaji in bindigar ba ta tashi ba, ko ta fashe, ya bar maƙera har abada.

Damina biyu yana aikin, kullum bayan ya tashi daga kasuwa. Ya naɗe ƙarfen bututun da hannunsa, ya sassaƙa ƙota da icen ƙirya, ya yi tandun albarushi da ƙahon sa.

An yi gwajin wata Alhamis da hantsi a fadama, bayan ganuwa. Akwai Bawa da ƙannensa biyu, da maharbin nan. Bisa al'ada aka ninka ɗuri, aka ɗaure bindigar a jikin itace, aka sa wa kunamar doguwar igiya, kowa ya ja baya. Mahaifina ya yi bisimilla ya ja. Ƙanƙara ta bugi ƙarfe, shiru. Ya ɗana, ya sake ja. Shiru.

Bawa ya matso ya duba, ya kai hanci, sai ya zauna a ƙasa don dariya.

"Barunde, mi ka shafa mata?"

"Kitse ne, Baba. Don tsatsa."

"Kitse! Wagga bindiga ce ko tsire zaka gasawa?"

Ashe a daren da ya gabata mahaifina ya shafe ta tas da kitsen sa, kamar yadda kowane mahauci yake yi wa wuƙarsa kafin ya ajiye. Dutse ba ya ƙyasta ƙarfe mai maiƙo. Bisa sharaɗi magana ta ƙare, ƙannen Bawa ma sun faɗi haka. Mahaifina bai roƙi kowa ba, ya fara kwance igiya.

Bawa ya ce, "Bari. Ƙirarka muka zo gwadawa, ba gadon gidanku ba."

Ya sa aka ɗebo toka aka goge wurin, aka sake zuba albarushi, mahaifina ya ja igiya. Ƙarar ta tayar da tsuntsayen fadamar gaba ɗaya. Da hayaƙi ya washe, bututun yana nan lafiya, ko tsagewa babu.

Yau in na bi ta unguwar Gidan Igwai nakan ga masu walda suna haɗa ƙarfe cikin ƙiftawar ido, kuma na ji ana yin bindigar farauta da bututun famfo. Ba na jin mahaifina zai raina su, don bai saba raina mai aikin hannu ba. Zai dai tsaya ya tambaya ko sun ɗaure ta a itace kafin su miƙa wa mutum ya kai kafaɗarsa.

Bindigar ba ta tare da mu. Da hukuma ta matsa kan rajistar bindigogi ya miƙa ta, ba ta dawo ba, bai kuma yi ƙorafi ba. Abin da ya rage mana shi ne halinsa: ya so abu, ya koya, ya karɓi sharaɗi, ya kuma yarda ya tafi ranar da ya ga ya faɗi. Tun daga wannan Alhamis Bawa ya ware masa gefe a maƙera, kuma ya ci gaba da zuwa duk yamma har idonsa ya yi rauni.